Yadda za ka gane abin da ke ɓoye cikin abincin bakin titi a Yamai

Ƙarfe bakwai na safe, a bencin wani mai shayi kusa da tashar Wadata, na zauna ina bin hannunsa da kallo. Ya fasa ƙwai biyu cikin kofin roba, ya yanka albasa a tafin hannu, ya murƙushe rabin dunƙulen magi, ya ɗebo gishiri da bakin cokali, ya ɗiga baƙin ruwan kwalbar nan da ake kira arom, sannan ya kaɗa. Man da ya tsiyaya a kasko har ƙwan na iyo a ciki. Ya tsaga rabin burodi ya laɓta masa mayonez gefe da gefe. Da ya zo kan shayi, sai da ya zuba madarar gwangwani mai kauri cokali uku, kana ya ɗago kai ya ce, "Malam, sukari nawa?"

Na fi shekara goma ina karyawa da wannan haɗin, ban taɓa kallon yadda ake yinsa ba. Sai da aka ɗaura mini abin awo a damtse aka ce jinina ya hau, tansiyo kamar yadda muke cewa, sannan idona ya buɗe. Abin ya ba ni dariya da haushi lokaci guda. Duk shekarun nan farin magi nake gudu, saboda saƙonnin muryar da ake turo mana ta WhatsApp ana cewa guba ne, alhali gishiri da sukari da tsohon mai na shiga cikina kowace safiya ba sallama. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba zan ce kowa ya daina cin abincin waje ba. Ma'aikacin da ya fito daga Talaje zuwa Filato, ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda, ɗan kabu-kabu, ɗan kasuwar Katako, wa zai koma gida cin rana? Masu sayarwar ma ƴan'uwanmu ne, halalinsu suke nema. Abin da ya rage mana shi ne mu san yadda ake ci ido buɗe.

Mataki na farko: ka san me ya fi cancantar tsoro

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce kada gishirin da baligi ke ci a wuni ya kai giram 5. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma wannan ya haɗa da na miya, na burodi, na yaji, na komai. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kuwa, shawarar da ta bayar a 2015 ita ce kada ya wuce kimanin giram 50 a wuni, in ma son samu ne giram 25, wato ƙaramin cokali shida.

Yanzu ɗauki dunƙulen magi, ko wane kamfani ya yi shi. Kusan rabin nauyinsa gishiri ne tsantsa, wani ma ya zarce haka. Babban dunƙule mai giram 10 yana ɗauke da gishirin wuni guda kusan cif. Rabin da mai shayina ya murƙushe mini a ƙwai biyu ya cinye rabin rabona tun rana ba ta ɗaga ba, ga gishirin cokali, ga arom wanda shi ma ruwan gishiri ne, ga na cikin burodi da mayonez.

Farin magin da ake yi wa kallon guba fa? Sunansa glutamate, lambarsa E621. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano shi a 1908 cikin romon wata ciyawar teku, yau kuma daga rake ko rogo ko masara ake tsimo shi. Sinadarin nan yana cikin nunannen tumatir, yana cikin daddawa, har cikin nonon uwa. Sodiyom ɗinsa, wato ɓangaren da ke tayar da jini, kimanin kashi 12 cikin 100 ne, na gishirin girki kuwa kusan kashi 40. Ba a ce a ci shi kamar tuwo ba: hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sa masa iyaka a 2017, miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin mutum, wato ƙasa da giram 2 a wuni ga mai kilo 60. Wasu kuma kan ji ciwon kai idan suka ci shi da yawa, waɗannan su kiyaye. Amma hujjar nan ta "ai yana wanke tukunya, ina ga hanji" ba hujja ba ce. Lemun tsami ma yana wanke tukunya.

Saboda haka ga yadda na jera abubuwan tsorona, daga babba zuwa ƙarami: gishiri, sukari, man da aka gaji da suya da shi, naman da ban san asalinsa ba, abincin da ya wuni cikin zafi, sannan can ƙasa kala da sauran sinadarai masu lamba.

Mataki na biyu: tsaya ka kalli kaskon kafin ka miƙa kuɗi

Minti biyu sun isa. Mai mai kyau kana hango gindin kasko ta cikinsa. Wanda ya mutu baƙi ne kamar kofi, yana kumfar da ba ta bajewa a gefen ƙosai ko firit, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, kuma idan an ɗaga matsami yana zuba da yauƙi. Dubi bakin kaskon: idan ya yi danƙo baƙi kamar ƙaro, man ya kwana ya wuni a nan ana ƙara masa sabo bisa tsoho. Sai hanci: tsohon mai na da wani ƙauri mai kama maƙogwaro, kuma awarar da aka soya bayan kifi za ta gaya maka da kanta.

Duk lokacin da aka sake ɗora mai a wuta yana lalacewa, yana haifar da sinadaran da ke wahalar da jijiyoyin jini. A Faransa har doka ke akwai: idan lalataccen ɓangaren man suya ya wuce kashi 25 cikin 100, dole mai gidan abinci ya zubar. Mu nan ba mai bin kasko da na'ura, sai idonka.

Kada ka ce wa mace mai suya "man nan na yaushe ne?" a gaban mutane. Zagi ne, kuma ba za ka ji gaskiya ba. Ni dabarata ita ce in zo da wuri lokacin da ake ɗora kasko, in gaishe ta, in ce, "Hajiya, wannan man naki ya yi kyau, a ina kike saye? Ina so in kai gida." Mai sayen na kirki za ta faɗa da alfahari, har ta nuna maka jarkar. Wadda ta kauda kai ta ce "kasuwa", ka gane.

Firit da fanke da gasasshen burodi, ka zaɓi mai launin zinariya, ka bar wanda ya yi duhu. A 2002 masana a Suwidin suka gano cewa dankali da gari idan suka ƙone suna fitar da wani sinadari, acrylamide, wanda ake kyautata zaton yana jawo ciwon daji, wato kansa. Babu wanda ya zuba shi, wuta ce ke ƙirƙirarsa.

Mataki na uku: yi magana kafin a haɗa

Wannan shi ya fi sauƙi, shi ne kuma muka fi jin kunyarsa. Abincin bakin titi yana da wata fa'ida da na kamfani ba shi da ita: a gabanka ake haɗa shi. Yanzu idan na zauna a bencin nan cewa nake, "Ɗan'uwa, ƙwai biyu, magi kwata, ban da gishiri, ban da arom, ƙara mini albasa da tumatir. Mayonez gefe ɗaya." Ranar farko ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba zai yi daɗi ba." Kwana uku ya riƙe, yanzu da ya hango ni yake cewa yaronsa, "Na Malam ban da gishiri."

Haka wurin mai dambu da kopto: mai kaɗan, kada a barbaɗa magi a kai tunda an riga an sa a ciki. Mai wake da shinkafa: yaji a gefe, ni zan zuba. Mai indomi: rabin ƴar ledar garin ɗanɗano kawai, domin yawancin gishirin a cikinta yake, kuma ita taliyar an riga an soya ta cikin mai tun a kamfani kafin a busar, ba ta bukatar wani ludayin mai. Shayi kuwa zaɓi ɗaya: ko madarar gwangwani mai kauri, ko sukari. Madarar nan fiye da rabinta sukari ne.

Tunda an zo kan madara, ga wani ɓoyayyen abu. Garin madarar da ake aunawa a ƙulla cikin leda, da yawansa ba cikakkiyar madara ba ce. A Turai ake cire man shanun a sayar da tsada, a maye gurbinsa da man kwakwar manja, a turo mana. Ba guba ba ne, amma ba abin da kake zato kake saye ba, kuma bai dace da jariri ba. Wannan na cikin abin da ya sa makiyaya da masu sarrafa nono a ƙasashenmu suka tayar da gangamin "Mon lait est local". A buhu ko gwangwani nemi kalmar "matière grasse végétale". In ka gan ta, ka san an yi musanya.

Mataki na huɗu: koyi karatun bayan kwali

A nan zan daɗe, domin minti biyar da za ka ɓata wajen koyon wannan zai yi maka aiki har tsufa. Mayonez, ketchup, sosis, biskit, bota, garin jus, duk abin da mai sanwici ke ɗauka daga kan teburinsa yana da takarda. Ɗauki kwalbar ka juya ta, ba wanda zai hana ka.

Fara da layin "Ingrédients". Ƙa'ida ita ce a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan kwalba ta zana mangwaro a gaba amma jerin ya fara da ruwa, sukari, "arôme", to mangwaron a hoto ya tsaya. Sukari kuma yana da sunaye kamar ɗan sarki: "sirop de glucose", "fructose", "dextrose", "saccharose". Idan ka ga biyu ko uku a jeri ɗaya, an rarraba shi ne don kada ya fito a sahun gaba.

Sai teburin lambobi. Kullum dubi layin giram 100 ko mililita 100, kada ka dubi "portion", domin kamfani ne ke yanke girman wannan yadda ya ga dama. Idan an rubuta "sodium" maimakon "sel", ninka shi sau biyu da rabi ka sami gishirin: miligiram 800 na sodiyom gishiri giram 2 ke nan. Ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila yana da sauƙin riƙewa: gishirin da ya wuce giram 1.5 cikin giram 100 ya yi yawa, sukarin da ya wuce giram 22.5 cikin giram 100 ya yi yawa. Ketchup na yawo a bakin wannan iyakar ta sukari, ko da yake a baki kamar tumatir ne kawai.

Nemi kalmar "partiellement hydrogénée" a jikin bota, biskit da kek. Wannan shi ne man da aka daskarar a masana'anta, kuma cikin duk sinadaran nan babu wanda hujjar cutarwarsa ga zuciya ta kai tasa ƙarfi. Danmak ce ta fara taka masa birki a 2003, OMS ta yi kiran a kawar da shi daga abincin duniya a 2018, maƙwabciyarmu Najeriya kuma ta kafa dokar da ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin giram 100 na mai a 2023. In ka ga kalmar, ajiye. Botar da ake kwasa daga bokiti ba suna ba takarda, ita ma na bar ta.

Lambobin E su ne ke firgita mutane, alhali lamba ce kawai ta rajista. Masu ɗari ɗaya da wani abu kala ne, ɗari biyu masu hana ruɓewa, ɗari uku masu hana mai yin ƙauri, ɗari huɗu masu kauri da haɗa mai da ruwa, ɗari shida masu ƙara ɗanɗano, ɗari tara da hamsin zuwa sama masu zaƙi. E300 bitamin C ne. E100 daga kurkur ake samunsa. E330 tsamin lemu ne, kuma labarinsa ya isa darasi: tun 1976 wata takarda ke yawo a Faransa da sunan wani asibitin kansa da ke Villejuif, tana cewa E330 ya fi kowane sinadari haɗari. Asibitin ya ƙaryata ya gaji. Jikokin takardar nan ne ke shigowa wayoyinmu yau, an sake musu riga.

Waɗanda suka cancanci ka riƙe ba su da yawa. Kaloli shida, E102, E104, E110, E122, E124 da E129, wani bincike da aka yi a Southampton a 2007 ya danganta su da ƙiriniya da rashin natsuwa ga yara, kuma tun 2010 Turai ta wajabta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su. Suna cikin alawa, garin jus da ƙanƙarar leda mai launi. E171, farin kala, Turai ta hana shi a abinci a 2022. E220 zuwa E228 kan tayar wa masu asma ciwo. E250 na nama ne, za mu zo kansa.

Ta fuskar halal, kalmomin da za ka nema su ne "porc", "saindoux" wato kitsen alade, da "gélatine" wadda ba a faɗi dabbarta ba, tana yawan zuwa cikin alawa mai danƙo. E120 jan kala ne da ake samu daga wani ƙwaro. E471 kan fito daga tsiro ko daga dabba, lambar kaɗai ba ta faɗa. Hukuncin waɗannan na malamai ne, ni dai nawa in nuna inda suke.

Daga ƙarshe kwanan wata. "À consommer jusqu'au" iyaka ce ta gaske, a jikin nama da yawur ake sa ta, in ta wuce a zubar. "À consommer de préférence avant" na nufin inganci zai ragu. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki, ko kwanan da aka kankare aka sake bugawa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Abu ɗaya da takarda ba za ta taimake ka ba shi ne burodi, tunda tsirara yake zuwa. Akwai sinadarin bromate da wasu masu gidan burodi ke sawa don ya kumbura ya yi laushi. Turai ta hana shi tun 1990, a Najeriya kuma hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta yi yaƙi da shi sosai zamanin da Dora Akunyili ke shugabancinta. Ido ba ya tabbatar da shi, sai ɗakin gwaji irin LANSPEX da ke nan Yamai. Abin da ke hannunka shi ne ka riƙe gidan burodi ɗaya da ka sani, ka yi hattara da burodin da ya yi girman kai amma in ka matsa shi ya koma kamar auduga a tafin hannu.

Mataki na biyar: nama

Tsire da balangu suna da gaskiya ɗaya: kana ganin naman. Matsalar tana farawa ne daga inda aka niƙa. Sosis, niƙaƙƙen naman hambaga, naman gwangwani, ba mai iya cewa ga dabbar da ido. Kada ka ɗauka wannan matsalar talaka ce. A 2013 aka gano naman doki cikin abincin da aka rubuta wa naman sa a manyan kantunan Ailan, Ingila da Faransa. A Amurka kuma McDonald's ya biya dala miliyan 10 a 2002 bayan mabiya addinin Hindu da marasa cin nama sun kai ƙara, domin firit ɗin da suka ɗauka na man tsiro ne zalla ashe da ɗanɗanon naman sa a ciki.

Sosis mai arha, karanta ledarsa: "viande séparée mécaniquement" na nufin ragowar da inji ya tatso daga jikin ƙashi, aka haɗa da sitaci, ruwa, gishiri da E250, wato nitrite, mai ba shi launin hoda da hana shi ruɓa. A watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken kansa ta OMS ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, ta ce giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Kalmar "kullum" ita ce abin lura. Sosis ɗaya ranar suna ba shi ne zancen ba, yaron da ake cusa wa shi a burodin lakwal kowace safiya shi ne.

Wurin mai shawarma, dubi sandar naman: wuta na ci, ana yanka daga gefen da ya gasu? Ko an yanke an tara a faranti tun la'asar? Ce masa ban da sosis, miya rabi, ƙara kabeji da tumatir. Dubi inda mayonez yake zaune. A watan Afrilu da Mayu Yamai na haura digiri 40, wuta na ɗaukewa, firigo na hucewa, ƙa'ida kuma ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje. Mayonez ɗin da aka kaɗa da ɗanyen ƙwai aka bari a roba kan tebur ya fi duk wata lambar E saurin kai mutum asibiti. Hambaga kuwa tsaga shi ka gani, in cikinsa da sauran ja a mayar wuta.

Yaji ma abin tambaya ne. Ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsa, sai barkono, citta, gishiri da magi mai yawa. Gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da aflatoxine, gubar da ke cin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma suya ba ta kashe ta duka. Yajin da ke warin rima ko yake ɗaci, bar shi. Kilishi kuma, ni ɗan jihar Tawa ne, na Madawa na taso ina ci, ba zan kushe shi ba. Amma jan da ya yi ƙyalli har yana rina yatsa kala ce, ba barkono ba. In ina da zaɓi fari nake ɗauka. Kuma ka lura da abin da aka hura wutar da shi: mai tsiren da ke kunna gawayi da leda ko guntun taya, hayaƙin a naman yake sauka.

Mataki na shida: abin sha

Lemun kwalba mai gas na da sukari kimanin giram 10 da ɗoriya cikin kowane mililita 100. Gwangwani mai santilita 33 giram 35 ke nan, ƙwayar sukarin kwali shida. Robar rabin lita ta haura giram 50, ta cinye rabon wuni ita kaɗai. Lemun da aka rubuta wa ba sukari kuwa, yawanci aspartame ne ke ba shi zaƙi, E951. A 2023 an sa shi a rukunin "mai yiwuwa" game da kansa, amma kwamitin masana bai rage iyakarsa ba, miligiram 40 ga kowane kilo, abin da sai ka sha gwangwani da yawa kullum kafin ka kai. Bai kai sukari ɓarna ga mai ciwon sukari ba, bai kuma kai ruwa ba.

Zoɓo da lamurje na ƙulli, ga gwajin da za ki iya yi a gida, uwargida. Zuba zoɓon kaɗan a kofin gilashi, ki jefa ɗan garin kanwa ko bikarbonat. Zoɓon gaske zai juye ya yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi ko kore. In ya tsaya ja wur kamar ba a taɓa shi ba, garin jus da kala ne suka fi yawa. Ki kuma dubi harshen yaro bayan ya sha ƙanƙarar dala biyar a ƙofar lakwal. Iyakar waɗannan sinadarai da nauyin jiki ake auna ta, don haka abin da bai taɓa babba mai kilo 70 ba zai iya yi wa yaro mai kilo 20 yawa.

Mataki na bakwai: abin da aka ƙunsa a ciki

Takardar buhun siminti, tsohuwar jarida, baƙar leda da ake zuba koko ko miya mai tururi: ba ɗayansu da aka yi don abinci. Tawada da ƙurar siminti na bin mai su shiga nama. Tun 2014 ƙasarmu ke da dokar hana ledar nan marar kauri, kowa kuma ya san inda dokar ta kwana. Sayi ƴar kula ko kwanon silba mai murfi ka ajiye a mota ko jakar aiki. Da farko za a yi maka dariya, daga baya za a tambaye ka nawa ka saya.

Idan jiki ya nuna alama

Amai da zawo bayan cin abincin waje kusan kullum ƙwayoyin cuta ne, ba kala ko magi ba. Sha ruwan SRO na farmasi, wato ruwan gishiri da sukari, in babu ka haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, ko yaron da ya kasa sha, sai asibiti. Kumburin leɓe ko fuska, ƙaiƙayi a duk jiki da sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan ci, wannan ba a jira, kuma ka riƙe ledar abin da aka ci ka nuna wa likita. Hawan jini shi ne ba ya sallama. Ka riƙa shiga farmasi ana auna ka, ko kana jin garau.

A gida

Banza ne ka hana mai shayi sa magi, ka dawo gida a jefa dunƙule huɗu a tukunya ɗaya. Kada a cire gaba ɗaya rana ɗaya, gidan zai yi bore. A rage ɗaya wannan makon, ɗaya bayan mako biyu, harshe na sabawa cikin ƴan makonni. A cike gurbin da abin da iyayenmu suka sani: daddawar kalwa ko ta batso, gabu, garin busasshen kifi, tafarnuwa, citta, masoro, da albasar Galmi da aka soya a hankali har ta yi zaƙi. A daka busassun wuri ɗaya a zuba a kwalba, cokali guda na isar miya. Ɗan gishirin da za a sa ya zama mai iyod, don kada a gudu daga hawan jini a faɗa maƙoƙo.

Mu a gidanmu daga huɗu muka sauko zuwa ɗaya cikin wata biyu. Da innata ta zo daga Tawa ta ɗanɗana miyar kuka, sai ta dubi maiɗakina ta ce, "Ƴata, wa ya koya miki miyar mutanen da?" Ta nemi a ƙulla mata garin a tsumma ta tafi da shi.